Shekarar da Aka Raba Rufin Soro

Kowane ɗayanku ya taso yana jin cewa injin Sanusi autana ne ya kada soron gidanmu na Cadakori. Wasu sun ji a bakin kawunnansu, wasu a bakin matan da ke zuwa suna, kuma na lura har jikokin da ba su taɓa ganin soron ba sun iya faɗin maganar da muryar manya. Ni ina cikin gidan lokacin da abin ya faru, da idona da kunnena, kuma yanzu ba sauran wanda nake jin nauyinsa. To ku saurara.

Surukina, mahaifin Malam mijina, shi ya sa aka gina soron lokacin da suka taso daga Tibiri. Daurin guga ne. Idan ka shiga ka ɗaga kai za ka ga bakan gizo sun tashi daga bango sun gitta juna, sun raba rufin gida-gida, kowane gida an jera masa azara. Daga waje kuwa kamar ƙatuwar ƙwarya ce aka kife. Kowace shekara kafin ruwa mazan gidan sukan hau su ƙara yaɓe a kan na bara, kuma ba wanda ya taɓa tunanin cire na bara ɗin. A ciki Iya take zaune, mahaifiyar Malam. Nan aka kawo ta, nan ta haihu, nan idonta ya mutu, kuma ƙafarta ta san kowane taku na ɗakin fiye da yadda mai ido zai sani. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. 'Yar Katsina take ce mini, don kakannina daga can suka ƙetaro, ko da yake ni a Gidan Rumji aka binne cibiyata. Ba zan ce muna shiri ba. Amma ni ke mata wanka, ni ke dama mata fura, kuma idan wata ta dama sai ta ce an sa mata ƙasa.

Da kaka ta wannan shekara muka ga tsaga a jikin baka guda. Malam ya kira wani tsohon magini ya hau ya duba. Ya sauko ya ce ƙasar da aka tara a sama ta fi ƙarfin abin da ke ɗauke da ita, ko dai a kankare ta, ko a zauna a jira faɗuwarsa. Idan kuma an kankare, ba a sake ɗora wani nauyi, sai dai a rufe da kwano. Nan aka tsaya, domin kwano shimfiɗaɗɗe ne, soro kuwa kewayayye. Alhaji Bako, ƙanen Malam, ya ce a kafa ginshiƙai a yi wa soron rumfa a huta. Malam ya ce shi ba zai mai da soron ubansa garejin mota ba.

Sanusi, autana, yana gida a lokacin. Aikinsa zanen gine-gine a wani buro, wato ofis, a Yamai, amma rigimar siyasa ta sa masu ba da kuɗin ayyuka sun janye hannu, aka ce kowa ya je gida sai an neme shi. Yana nan zaune har soja suka karɓi mulki suka ce na riƙon ƙwarya ne, za su mayar wa masu ƙuri'a. Ya zo da ordinatar, abin da 'yan Najeriya ke ce wa kwamfuta, ita ce injin da kuke ji, yana kai ta caji wurin mai janareto a bakin kasuwa. Shi ya ce wa ubansa zai iya ɗinka wa soron riga daidai jikinsa. Ya yi kwanaki a sama da igiya da awo, yana kiran lamba, ni ina ƙasa ina rubuta masa. A shekarar nake aji na biyu na karatun manya, da furfurata, kuma ban yarda wani ya riƙe alƙalamin ba.

Da hantsi, bayan na gama da Iya, nakan ja kujera ƙarƙashin rumfa in zauna kusa da shi. Ranar farko ya nuna mini soron a cikin gilashin injin, sumul, ba ɗigo ko ɗaya a jikinsa, yana juya shi da yatsa kamar ana juya ƙwarya a kasuwa. Har ɗan karkacewar da yake da ita ta wajen gabas tana nan. Sai ya taɓa wani abu, layuka suka sauko daga tsakiyar kai zuwa gindi, wasu suka kewaye shi, soron ya koma kamar an jefa masa koma.

"Inna, kwano ba ya lanƙwasa ta hanya biyu," in ji shi. "In kin lanƙwasa shi haka, ba ya yarda da haka. Don haka sai an yanka ƙwaryar gida-gida, kowane gida ƙarami yadda zai kwanta."

"To yanka su manya mana, a gama da wuri."

Ya rage layukan. Gidajen suka yi girma, wasu suka koma ja.

"Kin ga jan nan? Kusurwa uku sun zauna, ta huɗu ta tashi. Ruwa da iska nan za su shiga."

Ya ƙara layukan har soron ya zama kamar rariya, jan ya ɓace. Na ce to ga shi nan, an samu. Ya ce a'a, yanzu kuma haɗi ya yi yawa, kowane haɗi ƙofar yoyo ce, kuma maƙerin zai tsufa bai gama yanka ba. Haka ya yi ta yi, ya ƙara ya rage, kwana da kwanaki. A gindi ya bar masu kusurwa huɗu, manya. Yana hawa suna ƙanƙancewa. Can saman, inda layukan suka matse, masu kusurwa huɗu suka ƙi kwanciya ko yaya ya yi, sai ya raba kowanne biyu suka zama masu kusurwa uku, sirara kamar ganyen dabino. Waɗannan ya kira hula. Da yake da hannu aka gina soron, ba da ma'auni ba, ba guda biyu da suka zo daidai da juna. Kowanne da wurinsa, kuma na sama yana hawa kan na ƙasa kamar ɓawon kifi, don ruwa ya gangara bai samu ƙofa ba. Daga ƙarshe ya taɓa wani wuri, injin ya ɓare ƙwaryar gaba ɗaya ya shimfiɗe gidajen a jere, kowanne da harafi da lamba, yadda tela ke jera yankan riga a kan yadi don kada a yi asara.

Malam yakan tsaya bayanmu da carbi, ya leƙa.

"Uwar gida ta zama injiniya," yakan ce. "Gobe sai mu ji an ba ki buro."

"In an ba ni, kai zan fara kora," nakan ce masa.

Iya kuwa daga ƙofar soro take jefo tata.

"Mi yaron ga ke yi ma ɗakina cikin madubi? Ku hwaɗa mishi ɗaki ba kabewa ba ne da za a yanka."

Da zafi ya fara, aka hau aka kankare yaɓen shekara da shekaru, aka bar 'yar ƙasa sirara a kan azara. Malam ya sayar da bijimi ya sayo kwano a Maraɗi. Ɗan Ladi, wani maƙerin kwano na Gidan Rumji, shi ya yanka su bisa takardun da Sanusi ya buga masa, ya naɗe bakin kowanne, ya rubuta lambarsa da jan fenti. Sun haura ɗari. Aka kawo su aka jingine a zaure. An kafa katakon da za a buga su a kai, saura bugawa kawai, Malam ya dawo daga kasuwar Cadakori yana cewa wuyansa ya riƙe. Sanƙarau ne. Muka kai shi likita a Gidan Rumji, ba mu dawo da shi da rai ba.

Na shiga takaba. Alhaji Bako ya ce ba za a ji ƙarar guduma a gidan makoki ba sai an yi sadakar arba'in, kuma ban yi musu ba, domin ni ma a lokacin ba na son jin ƙarar komai. Ana gama sadakar bakwai aka kira Sanusi daga Yamai, an buɗe buro, wanda bai zo ba an ba wani kujerarsa. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Inna, Ɗan Ladi ya san yadda za a buga. Ke kuma kin san lambobin. Daga ƙasa ake farawa, hula ce ƙarshe. Kada dai a bari ruwa ya riga ku."

Na ce ya tafi. Bai daɗe a Yamai ba suka tura shi wani aiki can arewa, inda sai an hau tudu ake samun rezon waya.

Shekarar ta yunwa ce, kada ku manta da wannan, don ba na so ku ɗauka 'yan uwanku mugaye ne. Damanar da ta wuce ba ta ba da komai ba. Rumbuna sun koma ɗakin ɓeraye tun kafin zafi, mata suna tafasa ganye su sa gishiri su kira shi abinci. Duk wanda ke da rabo a wani wuri, idonsa na kai. Washegarin arba'in Alhaji Bako ya kira liman da magada a ƙofar gida. Malam ya bar ni, ya bar Iya, ya bar 'ya'yana, da 'ya'yan marigayiya matarsa ta fari, waɗanda babbansu shi ne Habu da ke zaune a Sae Sabuwa. Soron kansa an ce ba a taɓa shi muddin Iya na da rai. Aka raba gonaki, aka raba awaki. Ina ɗaki ina jin komai ta katanga, sai na ji ana jan kwano a ƙasa.

Na fito har bakin zaure da mayafin takaba, na tsaya bayan asabari.

"Alhaji, mi a kai da kwanon nan?"

"Rabo a kai, matar Yaya. Koma ɗaki."

"Wanga ba kwano ba ne, ruhin soro ne."

"Abin da ba a kahwa ba bai zama gida ba. Da kuɗin mamaci anka saye shi, haƙƙin magada ne. Kina so a bar Yaya da nauyin mutane cikin kabari?"

Na ce masa kowane guda da wurinsa, in aka raba su ba wanda ya samu komai, kowa ya samu gutsure. Na ce su dubi lambobin. Liman ya yi gyaran murya ya ce mai takaba ba ta ɗaga murya gaban maza. Mata suka kama ni suka mai da ni ciki, ina jin wata tana cewa karatun nan na tsufa ya taɓa mini kai. Alhaji ba don mugunta ya yi ba. Ya yarda har zuciyarsa cewa yana sauke wa wansa kaya ne, kuma ya yi rabon da adalci irin nasa. Ya tara manya wuri guda, matsakaita wuri guda, ya bi kowa da nasa. Ƙananan nan masu kusurwa uku, da ya ga ba wanda zai yi faɗa a kansu, ya haɗa su duka ya ce su ne rabon Iya. Kafin la'asar zaure ya zama fili.

Na kira Sanusi, waya ba ta shiga. Na aika wa kowa da saƙo a dawo da kwano, na ji shiru. Sai ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Na shiga wurin Iya na ce ta dawo ɗakina kafin a san abin yi.

"Nan anka kawo ni, nan za a hidda ni," ta ce. "Ke dai dama mini hura."

Na kwana biyu ina juya abin. Na san hukuncin takaba, ba wanda zai koya mini. Na kuma san abin da ke saman kan tsohuwar nan, domin ni na rubuta awonsa. Ranar da aka yi yayyafin farko na ga ƙasar rufin ta yi duhu ta tsotse ruwan nan kamar soso, na ɗaura zane, na ɗauki mayafina, na yi hayar amalanken jaki na fita ta ƙofar gida da rana tsaka, kowa na gani.

Na 'ya'yana ba su ba ni wahala ba, ko da yake ɗaya ta riga ta rufe akurkin kaji da nata. Na ɗaga na bar mata kajin a fili. Sauran kuwa sai da na bi gida-gida, ƙauye-ƙauye. Inda duk na tsaya sai mata su leƙo su koma, yara su bi amalanken. Wani dattijo a hanyar Gidan Rumji ya tofar da yawu ya ce kabarin miji bai bushe ba an fito yawon kwano. Na ce masa in ya gama tofin ya zo ya kama mini, ya wuce. A kowane gida nakan juya kwanon in karanta lambar da ƙarfi, don su ji cewa abin yana da suna. Wasu sun ba ni don kunya, wasu don su rabu da bakina, wasu sai da na bar musu akuyar da na gada.

Habu na same shi a Sae Sabuwa yana gyaran ƙofar rumbu da guda biyu daga cikin nasa. Rumbun ba ko zangarniya a ciki. Yaron nan ni na rene shi bayan uwarsa, amma ranar bai ce mini in zauna ba.

"Inna, da takaba kinka zo har nan?"

"Da ita na zo. Ina sauran?"

"Na kai ma masu murhu. Tiya biyu ta hatsi sunka ba ni. Ɗiyana kwana nawa ba su ga tuwo ba, in bar ƙarhe jingine ina kallo?"

Na cire biyun daga ƙofar rumbun da hannuna. Ya kai ni wurin masu murhun, muka tarar sun yanka wasu, wasu suna nan, na karɓo da 'yan kunnena. Da zan tafi ya ce, "Daga yau ba ni da uwa a Cadakori." Ya cika maganarsa. Har yau ɗiyansa ba su san ƙofar ɗakina ba.

Ɗan Ladi ya zo ya fara bugawa daga ƙasa, ni ina tsaye ina miƙa masa bisa lamba. Waɗanda aka yanka a Sae Sabuwa na gindi ne, manya, ya auna ramin ya yi musu faci da abin da ya samu, suka zauna ko da ba kyau. Layi ya hau kan layi, soron ya fara ƙyalli, mutanen da suka zage ni suna tsayawa kallo. Da muka kai sama na shiga wurin Iya na ce ta nuna mini inda aka ajiye nata.

"Na ba da su."

"Kin ba wa, Iya?"

"Masallaci. Sadaka ce na yi ma ɗana. Ba ni da hatsi, ba ni da kuɗi, abin da anka ce nawa ne shi na ba da."

Na je masallacin. A gefe, inda ake alwala da wankan gawa, an yi sabuwar rumfa. Ga hular soronmu nan an buge ta ta miƙe, an jera ta kai da ƙafa, jan fentin yana kallon ƙasa. Na tsaya ƙarƙashi ina karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ɓata. Ɗan Ladi ya duba ya ce in aka cire a hankali zai iya toshe ramukan ƙusa ya mai da su yadda suke. Liman bai kore ni ba wannan karon. Ya ce shi ba shi ya bayar ba, ba kuma shi aka ba, in mai sadakar ta ce a cire, ba zai hana ba, amma in sani ba a son mai kyauta ya koma wa kyautarsa.

Na dawo na durƙusa gaban Iya, abin da ban taɓa yi ba. Na yi mata bayani yadda Sanusi ya yi mini. Na kama hannunta na kife ƙwarya na ɗora tafinta a kai, na ce nan ne a buɗe, duk ruwan da ya sauka nan zai bi ƙarƙashin kwano, rana kuma ba za ta kai gare shi ta busar ba. Na ce zan yi wa masallaci wata rumfar da zana. Ta janye hannunta.

"'Yar Katsina, kin hita takabar ɗana, ban ce miki komi ba. Kin bi gidaje kin kwashe rabon marayu, ban ce komi ba. Wagga ita kaɗai na aika mishi. Duk mai alwala a inuwar nan, shina samu. In kinka taɓa ta, ban yahe miki ba duniya da lahira."

Ni da na tsaya gaban Alhaji, na tsaya gaban Habu, na bi titi da mayafin takaba, a nan na tsaya. Ba tsoron bakinta ba ne kawai. Tsohuwa ce da ta binne ɗanta, kuma abin da ta ce ta aika masa ke nan. Ban iya ba.

Ɗan Ladi ya ce ba zai iya yanka sabuwar hula da ido ba, ƙananan nan ko kaurin yatsa aka kuskure ba za su haɗu ba, takardun kuma tuni yaransa suka kunna wuta da su. Daga baya ma yunwa ta kore shi ya ƙetara Najeriya neman abinci. Sai da na yi ta kira kafin wata rana wayar Sanusi ta shiga. Na gaya masa komai a tsaye, da sauri, kafin rezo ya ɗauke. Ya ce zanen na nan cikin injin, da ya sauko Yamai zai sa a yanka a can ya ɗoro a mota. Ya ce in rufe saman da duk abin da na samu, in kuma fitar da Iya. Na rufe da tampol da tabarmi, na danne da duwatsu. Iskar farkon kowane hadari sai ta yaye, in sa a hau a mayar. Iya kuwa ta ce sai dai gawarta.

Ruwan da aka yi shekara ana roƙo, a wannan damana ya zo kamar da fushi. Cikin soron ya fara wari irin na rijiya. Bangon ya yi sanyi, gara ta fito a jikin azara, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan gadon Iya, ita kuma tana kakkaɓewa tana cewa ɓeraye ne. Wata ranar Laraba aka wuni ana ruwa. Bayan azahar na kai mata fura, ina miƙa mata na ji wani ƙara a sama, kamar an taka busasshen kara. Na ɗaga kai na ga tsagar nan ta baka ta buɗe har hannu zai shiga. Na ajiye ƙwaryar, na juya na sungume ta a bayana. Ba ta da nauyi, amma ta kama bakin ƙofa da hannu biyu, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Ta cije ni a kafaɗa, tabon yana nan. Ta kira sunan ɗanta, ta kira sunan mijinta, ta zagi Katsina da duk wanda ya fito daga cikinta. Na ratsa tsakar gida da ita cikin ruwa na sauke ta a gadona, na zauna a bakin ƙofa don kada ta rarrafa ta koma.

Ana kiran la'asar ya faɗi. Ba ƙara mai yawa, wani irin nishi ne, sai kwanon ya bi shi ciki yana kururuwa. Ƙasa ta girgiza ƙarƙashinmu. Iya ta daina zagi.

"Mi ne ne wancan?"

"Soro ne, Iya."

Ta juya fuskarta bango.

"Da kin bar ni," ta ce.

Mutane suka cika gidan, ruwa na dukansu. Alhaji Bako ya tsaya gaban tarin ƙasar yana salati, ya ce soron da ya shekara nawa tsaye, yaro ya zo da inji ya yanka shi. Ba wanda ya ce masa a'a. Ni kuwa a lokacin ina can ina shafa wa Iya mai a yatsun da na murɗe. Daga ranar ba ta ƙara karɓar fura a hannuna ba. Sai in dama in ba wata ta kai mata, ta kurɓa ta ce an sa ƙasa, ta ajiye. A ɗakina ba ta san inda bango yake ba, kullum tana karo da kaya, har ta daina tashi. Ba ta ga sabon gero ba.

Tana da sauran rai ranar da saƙon Sanusi ya iso. Motar Yamai ta sauke shi a Gidan Rumji, mai amalanke ya kawo har ƙofar gida, ɗauri guda a cikin buhu, an ɗaure da waya. Na kwance bakin na leƙa. Sababbi ne fil, masu kusurwa uku, kowanne da lambarsa, da rubutun hannun Sanusi. Mai amalanken baƙo ne, bai san gidan ba. Ya dubi tsakar gida, ya dube ni.

"Hajiya, ina za a sauke? An ce na saman soro ne."

Na nuna masa tarin ƙasar, inda ciyawa ta riga ta fara tsirowa tsakanin karyayyun azara.

"Ɗora su can sama," na ce. "Nan ne wurinsu."